Yadda Ake Tara Tsofaffin Kaset ɗin Bidiyo Emti da Kwalayensu

Duk baƙon da ya shigo ɗakina ya ga kantar da na jera kaset ɗin bidiyo waɗanda ba a taɓa ɗaukar komai a cikinsu ba, wato emti, tambayarsa ba ta wuce uku: ina nake samo su, ta yaya nake gane na asali, kuma yaya ba su lalace ba. Tambayar ta yi yawa har na ga gara in rubuta amsar bi da bi. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko. Wannan kaya ne da ba ya ƙaruwa. Kamfanin Sony ya daina fitar da kaset nau'in Betamax a watan Maris na 2016, Funai kuma, wanda shi ne kamfani na ƙarshe mai ƙera injin bidiyo na kaset nau'in VHS, ya tsaya a watan Yuli na wannan shekarar. Abin da ya rage a sito da ƙarƙashin gado shi ke nan. Kuma darajar emti ba a zarensa kaɗai take ba, tana cikin ledarsa da kwalinsa da takardar sitikar da ke ciki, in sun cika.

1. Zaɓi layi guda

Kada ka fara da sayen duk abin da ka gani. Kaset ɗin VHS faɗinsa santimita 18.7 ne, kaurinsa biyu da rabi, don haka guda 40 kacal sun cinye mita ɗaya ta kanta. Wanda bai tsayar da shawara ba, kafin shekara ya cika ɗaki da kaset iri ɗaya.

Kana iya bin kamfani ɗaya, kamar TDK ko BASF ko Scotch, ka nemi yadda zanen kwalinsa ya riƙa sauyawa. Kana iya bin zamani, misali duk abin da aka yi kafin 1990. Wasu nau'i suke bi: Betamax na 1975, VHS na 1976, Video 2000 na Philips da Grundig na 1979, ƙananan VHS-C da Video8 na kyamara. Ni shawarata ga mai farawa a nan ƙasar ita ce VHS, kamfani biyu ko uku. Shi ne ya yi yawa a wurinmu saboda masu dobin ɗin finafinai da masu ɗaukar biki, kuma shi ne har yanzu za ka iya samun injin gwada shi.

2. Koyi karanta kwali

Wannan matakin shi ne ilimin gaba ɗaya, saboda kaset ba ya zuwa da shekarar da aka yi shi a rubuce ƙarara. Sai dai ka haɗa alamu.

Fara da harafi da lambar da ke gaba. E-180 na ƙasashen da talabijin ɗinsu ke kan tsarin PAL ko SECAM a lokacin ne, wato Turai da Najeriya da Nijar da ƙasashen Larabawa, lambar kuma mintuna ce: awa uku. E-120 awa biyu, E-240 awa huɗu, E-300 awa biyar. In ka ga T-120, na Amurka ne ko Japan, masu tsarin NTSC. Zaren iri ɗaya ne, gudun injin ne ya bambanta: namu yana jan milimita 23.39 a daƙiƙa, nasu 33.35. Shi ya sa T-120 a bidiyonmu yake ba da kusan awa uku. Betamax kuwa da L yake farawa, L-500 ko L-750, lambarsa kuma tsawon zare ce da ƙafa, ba mintuna ba.

Sai daraja. Kowane kamfani yana da na yau da kullum da kuma mai tsada. A TDK, HS shi ne gama-gari, E-HG yana sama da shi. Maxell yana da HGX. Duk inda ka ga HG ko Pro ko Hi-Fi, an sayar da shi da tsada a lokacinsa, ba a sayi da yawa ba, don haka yau ya fi wuyar samu. S-VHS ya fito a 1987, kuma yana da ɗan rami na musamman a ƙasan kaskonsa, wato robar jikin kaset ɗin, wanda injin ke gane shi da shi.

Ga alamun shekara da na fi dogara da su. In an rubuta cewa a Jamus ta Yamma aka yi shi, to kafin haɗewar Jamus ne a 1990. In akwai ɗan da'irar nan mai kibiya biyu da suka sarƙe da juna, alamar sake sarrafa shara ta Jamus, bai riga 1991 ba. Sunan Goldstar yana nuna kafin kamfanin ya koma LG a 1995. BASF da aka haɗa da sunan EMTEC daga 1997 ne zuwa sama. Scotch na kamfanin 3M ne, wanda ya bar sana'ar kaset a tsakiyar shekarun 1990. Adireshin intanet a bayan kwali yana nufin ƙarshen zamanin ne. Mafi sauƙi duka shi ne kwalin da ke ɗauke da tambarin gasar kofin duniya ko ta Olamfik, domin JVC da Fuji sun daɗe suna ɗaukar nauyin kofin duniya, kuma tambarin da kansa yana faɗa maka shekara.

Gargaɗi: alama ɗaya ba ta isa hujja ba. Kamfani yakan ci gaba da amfani da tsohon kwali bayan ya sauya suna ko wurin ƙira. Sai biyu ko uku sun yi daidai sannan ka rubuta shekara, kuma ka sa "wajen" a gabanta.

Akwai kuma abin da yawancin masu farawa ba su lura da shi ba. A wasu kaset ɗin, zanen mai launi a jikin kwalin takarda yake, ledar fara ce kawai. A wasu kuma, musamman na baya-bayan nan, zanen a jikin ledar aka buga shi, kwalin ciki kuwa ba shi da wani ado. Irin wannan in ka yage ledar, ka yage abin da ka saya ke nan.

3. Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa, kuma ba su da tsada. Ƙaramar tocila mai haske sosai. Ƙaramin sukundireba mai bakin tauraro, domin yawancin kaset notina biyar gare su a ƙasa. Burushin fenti sabo mai laushi. Tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da gashi. Sifirit mai ƙarfi irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi. Tsinken auduga, reza sabuwa, takunkumi, fensir da littafi. Sai ƙananan ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a cikin kwalin takalmi, ka fara tara su tun yanzu.

Abin da zai ci maka kuɗi biyu ne: robobin ajiya masu murfi mai kamawa, da bidiyo mai aiki. Bidiyon ma ba dole ba ne in rufaffu kaɗai za ka tara. In za ka saya, je wurin mai gyara ya kunna maka a gabanka, ya sa kaset ya fitar sau uku, ka ga bai tauna zare ba.

4. Inda ake nema, da yadda ake ciniki

Fara da gida. Tambayi iyaye da kawunnai, musamman waɗanda suka yi aikin hajji ko suka yi karatu a waje a shekarun 1980 da 1990. A irin waɗannan gidajen nake samun masu rubutun Larabci a bayan kwali, waɗanda aka sayo tsaraba aka ajiye don wani biki, aka manta.

Daga nan sai tsofaffin masu sana'ar. A Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai da yankin Bata su ne suka kasance cibiyar kasuwancin kaset ɗin finafinai, kuma ko da shagunan sun sauya kaya, mutanen suna nan, sun san wanda ya bar kwantai a sito. A Legas akwai Alaba da Idumota. Kada ka manta da masu ɗaukar bidiyon biki, da tsofaffin masu hoto, da masu gyaran rediyo da talabijin, da masu kayan gwanjo. 'Yan jari-bola ma suna cin karo da su, sai dai abin da ya biyo ta hannunsu galibi kwalin ya riga ya sha ruwa da rana. Ka bar musu lambarka, ka ce kada su ɓare leda, kuma ka biya su ko kaɗan ne in sun kira, don su sake kira.

Wajen dattijon ɗan kasuwa, kada ka shiga da tambayar kaya kai tsaye. Gaisa tukuna, ka zauna. Ni yadda nake faɗa shi ne: "Baba, Allah ya ƙara girma. Ina neman ragowar emti na da, waɗanda ba a buɗe ba. Ba sayarwa zan yi ba, ajiyewa nake." Sau da yawa amsar ita ce: "Yaro, me za ka yi da wannan yanzu? Dawo ran Asabar, in sa a duba sito." Ka koma ranar. Rabin abin da ke kantata a zuwa na biyu ko na uku na same shi.

Batun kuɗi, ba zan yanka maka farashi ba, domin naira ba ta tsayawa wuri guda, kuma wannan kaya ba shi da tsayayyen farashi a kasuwa. Amma ga yadda nake yi. Ina taya katan gaba ɗaya, domin in ka tsinci uku masu kyau ka bar saura, mai kaya zai gane ka san wani abu, sai ya ɗora kuɗin katan ɗin a kan ukun. Ina ware la'adar wanda ya yi mini hanya. Kuma ba na yi wa mai kaya ƙaryar cewa shara ce. In ya ce albarka, ka ƙara abin da za ka iya, in bai sallama ba ku rabu lafiya.

Saye daga waje ta eBay da makamantansa yana yiwuwa, kuma gama-garin rufaffen kaset daloli kaɗan ne. Jigila ce ke kashe mutum. Kowane ɗaya ya haura giram 200, goma sun wuce kilo biyu, kuɗin kawowa yakan ninka kuɗin kayan. Bar wannan hanyar sai ga wanda ya rage maka ka cike jeri.

5. Duba kafin ka biya

Yi wannan a fili, cikin hasken rana, ba a cikin duhun sito ba.

In rufaffe ne, duba bakin ledar sama da ƙasa. Naɗin kamfani yawanci a ninke yake tsaf kamar na kwalin shayi, sau da yawa da siririn zaren ɓarewa da ya zagaye shi. Ledar da aka sake rufewa da zafi takan yi kauri, da tabon narkewa a gefe, wani lokaci har ka hango ƙura ko gashi ko shatin yatsa a ƙarƙashinta. Kwalin da kusurwoyinsa suka goge alhali ledar sabuwa fil, an taɓa buɗe shi. Kada ka yi mamaki, a zamanin da ake sayar da emti da yawa an yi jabu, an kuma yi tsohon kaset da aka goge aka mayar leda. Alamar jabu ita ce bugun rubutu mai dishi-dishi, kuskuren harafi, da kasko mara nauyi. Girgiza shi a hankali kusa da kunne. Ɗan motsin ƙafafun zare ba komai ba ne, amma ƙarar wani abu da ke yawo a ciki karaya ce.

In buɗaɗɗe ne, zaro shi ka kwantar, murfin zaren yana kallon gaba. Sabon kaset duk zarensa a ƙafar hagu yake, naɗin kuma sumul kamar faranti. In ka ga naɗin da hawa-hawa, ya shiga inji. Duba kunnen da ke gefen da ake manna dogon sitika: in an karya shi, wani ya yi ɗauka ya kulle. Danna ɗan maɓallin da ke gefe kusa da murfin, ka ɗaga, ka ga ko zaren ya yamutse a baki. Leƙa cikin kwalin ka ga takardar sitika, ka ƙirga ko an ɓare wani. Kaset buɗaɗɗe mai cikakkiyar takardar sitika ya fi wanda babu nesa ba kusa ba.

Sai babban abokin gaba, funfuna. Haska tocila ta tagar kaset ɗin a karkace. Farin gari ko ɗigo-ɗigo ko abu kamar saƙar gizo a kan naɗin zaren, funfuna ce. Sansana kwalin kuma, warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba yana nuna ya sha laima.

Gargaɗi: kada ka taɓa sa mai funfuna a bidiyonka. Zai shafa wa kan injin da ke karanta zaren, injin kuma ya shafa wa duk wanda ya biyo baya. In kwalin ne ya burge ka, saya ka raba su tun a kasuwa, kowanne ledarsa daban.

6. Wanda aka taɓa buɗewa, kalle shi tukuna

Wannan matakin ina roƙonka kada ka tsallake. Da yawa daga abin da ake kawo maka da sunan emti ba emti ba ne, ba a dai rubuta komai a jikinsa ba. Na taɓa sa wani da aka rantse mini sabo ne, bayan 'yan mintuna na shuɗin allo sai ga walimar saukar Alƙur'ani, yara sanye da fararen kaya, iyaye a kan tabarma. Na koma wurin wanda ya sayar mini, muka bi diddigi har aka samu gidan. Biyu daga dattawan da ke cikin hoton sun riga mu gidan gaskiya, kuma iyalin ba su da wani hoton motsinsu sai wannan.

Don haka in ba shi da funfuna, sa shi ka tura gaba kana tsayawa duk bayan minti goma sha biyar har ƙarshe. In ka samu biki ko suna ko wa'azi ko shirin tashar talabijin na da, karya kunnen nan take don kada a goge bisa kuskure, ka nemi mai mayar da shi kwamfuta. In na iyali ne, nasu ne, ka nemi masu shi, kuma kada ka watsa matan mutane a Facebook ko WhatsApp ba da izini ba.

Gargaɗi: kaset ɗin da ya fito daga ɗaki mai sanyin na'ura ko daga but ɗin mota mai zafi, bar shi ya huta wasu awanni kafin ka kunna. Raɓar da ke kwanciya a kan zare tana sa shi ya manne wa kan injin ya yage.

7. Tsaftacewa

Kaɗan ya fi yawa alheri. Rufaffe, kaɗe ƙura da burushi, ka goge da tsumma busasshe. Kwalin takarda kada ruwa ko sifirit ya taɓa shi, launin zai bi tsumman. Kaskon roba ne kaɗai ake gogewa da auduga mai ɗan sifirit, kuma ban da zaren. Kalanzir da fetur da tina suna cin roba, kada ka kusanto da su.

Sitikar farashin shagon da ke jikin leda, ni ba na cirewa. Tana faɗa maka inda aka sayar da nawa aka sayar, kuma wajen ɓare ta ne ake huda leda. Haka rubutun biro na mai shi na farko. Kwalin da ya yage kada ka liƙe da salatif, bayan shekara biyu zai bar jan tabo mai maiƙo wanda ba ya fita. Mai funfuna kuwa, a waje za ka taɓa shi, da takunkumi.

In dole ne ka buɗe rufaffe, sai wanda kake da biyunsa. Kada ka ja zaren ɓarewa. Tsaga ninkin ƙasa da reza, ka zaro kaset ɗin a hankali, ledar ta rage kamar riga wadda za ka iya mayar masa.

8. Rubuta, ka ɗauki hoto

Ba kowanne lamba. A littafi ka rubuta kamfani, daraja, tsawo, ƙasar ƙira, shekarar da kake zato da dalilinka, rufaffe ne ko buɗaɗɗe, inda ka samo da abin da ka biya. Lambar a ɗan guntun takarda za ka rubuta da fensir ka sa a ledar ajiyarsa, ba a jikinsa ba. Ɗauki hoton gaba da baya da gefe uku a inuwa, ba tare da hasken kyamara ba, saboda leda tana ƙyalli. Waɗannan hotunan a wayarka su ne za su hana ka sayen abin da kake da shi.

9. Ajiya

A nan ne yanayinmu yake gwada mai tarawa. Masu adana kayan tarihi suna son sanyi wajen digiri 20 da danshi wajen kashi 40 cikin 100. Ɗakin kwano a bazara yana ninka wannan zafin. Ba za ka samu abin da suke so ba, amma kana iya kusantarsa. Nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, mai silin, bangon da rana ba ta dukansa da yamma. Kada ka kai su cikin silin, ko kicin, ko jikin bangon banɗaki.

Jera su a tsaye kamar littattafai. In ka kwantar ka ɗora wani kan wani, nauyi yana murƙushe kwalin ƙasa, zaren kuma yana zamewa ya lanƙwashe a baki. Kada ka matse su har sai ka ja da ƙarfi, leda tana kama leda ta yage. Nisanta su da manyan sifikoki da injin janareto da duk abin da ke da maganaɗisu. Rana kuma tana cin launi, ja da ruwan ɗorawa su ne ke fara koɗewa, don haka wanda kake son nunawa a fili ka sa shi inda haske ba ya faɗa masa kai tsaye.

Gargaɗi: kada katan ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Na yi asarar katan guda a damina ɗaya ta wannan hanyar. Daga sama lafiya lau, da na ɗaga sai na tarar gara ta shigo ta ƙasa ta cinye kwalaye goma sha ɗaya, ta bar kaskon tsirara. Tun daga ranar sai robar ajiya mai murfi, a kan kantar ƙarfe, aƙalla taki ɗaya daga ƙasa. Maganin ƙwari a ƙafar kantar ake fesawa, ba a kan kayan ba.

Kowace roba ka jefa ƙunshin tsotse danshi huɗu ko biyar. Suna ƙoshi, don haka ka riƙa sauya su ko ka gasa su a wuta mai sauƙi su bushe. Ranar da za ka rufe robar ta zama busasshiyar rana. In ka rufe ta ana ruwa, danshin ka kulle a ciki.

Ni sau uku nake buɗe nawa a shekara. A watan Mayu kafin ruwa ya kankama ina sa sabbin ƙunshi. A watan Agusta ina haska tocila ta tagar kowane buɗaɗɗe, wanda na ga ɗigon fari in fitar da shi daga cikin 'yan uwansa a ranar. A watan Disamba, da hunturu ya busar da iska, ina fito da su duka in kaɗe ƙura, in bar robobin a buɗe yini guda a ɗaki, tagogi a rufe, sannan in mayar da kowa wurinsa bisa lambar da ke littafi.